Agogon Da Ke Auna Lafiya: Ina Gaskiyarsa Ta Tsaya?

Tun da agogon hannu ya shigo ƙasar Hausa, abu ɗaya aka san shi da shi, wato nuna lokaci. Idan ya yi gaba ko ya yi baya, sai a jira lokacin labarai a rediyo a saita shi, shi ke nan. Yau kuwa an wayi gari da wani irin agogo mai ƙwaƙwalwa wanda ake haɗa shi da wayar salula. Yana ƙirga takun mai shi, yana faɗin yawan bugun zuciyarsa, yana auna iskar oksijin da ke cikin jininsa, da safe kuma ya ba shi labarin yadda barcinsa ya kasance. Akwai masu tsada na manyan kamfanoni irin su Apple da Samsung da Garmin da Fitbit, akwai kuma masu araha da suka cika kasuwannin waya, waɗanda sau da yawa ko sunan maƙerinsu babu a jikin kwali.

Agogon da ya yi kuskuren minti biyar, iyakarsa ya sa ɗalibi ya makara. Amma agogon da ya ce wa mai ciwon sukari jininsa lafiya lau alhali ba haka ba ne, yana iya kai shi ga halaka. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda waɗannan na'urori ke aiki, da abin da bincike ya tabbatar game da su, domin ya san inda zai gaskata su da inda zai yi taka-tsantsan.

Siffofi biyu na ma'auni

Masana kimiyya sukan yi wa kowane ma'auni tambaya biyu. Ta farko: shin abin da yake faɗi ya yi daidai da haƙiƙa? Ta biyu: shin idan aka maimaita awon, amsa ɗaya zai riƙa bayarwa? Ta farko ita ce daidaito, ta biyu kuwa tsayuwa a kan magana ɗaya.

Alal misali, mu ɗauki tiyar da aka bubbuge gindinta. Ko sau goma aka auna gero da ita, adadi ɗaya za ta bayar, ke nan ta tsaya a kan magana ɗaya, amma kullum tauye mai saye take yi. Haka agogo yake. Yana iya rage taku 5 cikin kowane 100 a kullum, duk da haka ya amfane ka wajen gane cewa yau ka fi jiya tafiya. Sai dai ba za ka ɗauki adadinsa ka kai wa likita a matsayin hujja ba.

Akwai kuma abu na uku da ya shafi agogon musamman. Wasu abubuwan yana auna su ne daga jiki, wasu kuwa ƙiyasta su yake yi ta hanyar lissafi. Gwargwadon nisan da ke tsakanin abin da na'ura ta gani da adadin da ta nuna a fuskar agogo, gwargwadon yawan kuskuren da za a samu.

Koren haske da bugun zuciya

Idan ka kifa agogon za ka ga wasu 'yan fitilu suna ƙyalla koren haske. Hikimar ita ce, jini ja ne domin yana mayar da jan haske, yana kuma shanye kore. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini yakan ƙaru a ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata, sai hasken da ke dawowa ga idon na'urar ya ragu. Tsakanin bugu da bugu kuwa jinin yakan ragu, hasken ya ƙaru. Wannan hawa da sauka shi agogo ke ƙirgawa ya ce zuciyarka tana bugawa sau kaza a minti. Ga baligi mai lafiya da ke zaune, adadin yakan kasance tsakanin 60 da 100.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masanin aikin jiki mai suna Alrick Hertzman ya bayyana ta a Jami'ar St. Louis ta Amurka tun wajen ƙarshen shekarun 1930. Abin da zamani ya ƙara shi ne ƙanƙanta kayan har suka shiga bayan agogo.

A shekarar 2017, masu bincike na Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada na'urorin hannu iri 7 a jikin mutane 60, suna zaune, suna tafiya, suna gudu, suna kuma tuƙa keke. Sun kwatanta sakamakon da na kayan asibiti. Shida daga cikin bakwai ɗin sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wannan sakamako ne mai kyau ƙwarai.

Sai dai motsi shi ne babban abokin gabar wannan awo. Yayin da hannu ke lilo, agogo yakan ɗan zame a kan fata, hasken waje ya kutsa, jini kuma ya riƙa kai da komo a jijiya saboda lilon kansa. A wajen gudu har akan samu agogo ya rikita sautin takun ƙafa da bugun zuciya, ya shiga ƙirga taku a maimakon bugu. Wani bincike na Jami'ar Duke a shekarar 2020, wanda aka yi da mutane 53, ya nuna cewa kuskuren awon yakan ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100 lokacin motsa jiki idan aka kwatanta da lokacin hutawa. Wannan ne ya sa 'yan wasan tsere har yanzu sukan fi son maɗaurin ƙirji, wanda ke jin lantarkin zuciya kai tsaye. Kamfanin Polar na ƙasar Finlan ne ya fito da irinsa marar waya a shekarar 1982.

Sanyi ma yana da tasa illar. Da asubahin hunturu jijiyoyin fata sukan tsuke don jiki ya adana ɗumi, jinin da ke isa wuyan hannu ya ragu, na'urar ta rasa abin kamawa. Haka nan maɗauri mai sako-sako da zanen tawada a fata duk sukan hana hasken aikinsa.

Maganar launin fata

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Sinadarin melanin, wanda ke ba fata duhunta, shi ma yana shanye haske, musamman kore. Ke nan hasken da ke dawowa daga fata mai duhu bai kai wanda ke dawowa daga fara ba. Binciken Stanford ya ga kuskure ya ɗan ƙaru ga masu duhun fata, amma na Duke, wanda aka tsara shi takanas don a haɗa launukan fata daban-daban, bai ga bambanci mai ƙarfi ba a awon bugun zuciya. Ƙirga bugu, hawa da saukar haske kawai yake buƙata, kuma na'ura tana iya ƙara ƙarfin fitilarta don ta cike giɓin.

Awon oksijin kuwa labarinsa daban ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano hanyar a shekarar 1972. Ana haska jan haske mai tsawon zango kimanin nanomita 660, da wani hasken da ido ba ya gani mai kimanin nanomita 940. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi shanye na biyun, wanda bai ƙoshi ba kuwa ya fi shanye na farkon. Daga kwatanta su biyun ake fitar da adadi, wanda ga mai lafiya yakan kasance daga 95 zuwa 100. Tun da lissafin ya dogara ne a kan gwargwadon hasken da aka shanye, duk abin da ya shanye wani ɓangare na hasken a hanya yana iya karkatar da amsar.

A shekarar 2020, likitocin Jami'ar Mishigan sun duba bayanan majinyata, suna kwatanta abin da na'urar da ake maƙala wa yatsa ta faɗa da abin da gwajin jini na haƙiƙa ya nuna. Sun nemi lokutan da na'urar ta ce oksijin yana tsakanin 92 da 96, alhali a cikin jini ya faɗi ƙasa da 88. Hakan ya faru a kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙaƙen fata, da kashi 3.6 na fararen fata, wato ninki uku ke nan. Mai karatu ya lura: wannan na'urar asibiti ce, wadda haskenta ke ratsa yatsa ya fita ta ɗaya gefen. Agogo kuwa sai dai ya dogara da ɗan hasken da ya dawo daga wuyan hannu, wanda aiki ne mafi wuya. Saboda haka wanda numfashi ke yi masa wahala, ko mai asma, ko mai ciwon haƙarƙari, kada ya tsaya kallon adadin agogo. Asibiti ya kamata ya nufa.

Ƙirga taku da ƙiyasta ƙarfi

A cikin agogo akwai wani ɗan ƙaramin ma'aunin motsi da bai kai ƙwayar gero uku ba, mai jin motsi ta fuska uku: sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. Agogo ba ya ganin ƙafa. Lilon hannu yake ji, idan ya yi kama da na mai tafiya sai ya ƙirga shi a matsayin taku. Idan mutum yana tafiya sosai a miƙaƙƙiyar hanya, ƙirgar takan yi kyau. Amma mai tura kurar ruwa ko baro, hannunsa a kafe yake, yana iya yin doguwar tafiya agogo ya tauye masa. Mai daka a turmi kuwa, ko wanda ya hau babur a hanya mai gargada, yana iya samun kyautar ɗaruruwan taku bai ɗaga ƙafa ba.

Shi kansa adadin taku 10,000 da agoguna da yawa ke sa wa mutum a matsayin buri, asalinsa talla ce. A shekarar 1965, bayan wasannin Olamfik na Tokyo na 1964, kamfanin Yamasa na Japan ya fito da wata na'urar ƙirga taku wadda ma'anar sunanta ita ce ma'aunin taku dubu goma, adadin kuwa ya bi duniya. A shekarar 2019, Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta sun bi diddigin tsofaffin mata sama da 16,000. Sun ga cewa masu yin taku kimanin 4,400 a rana, mace-macen da aka samu a cikinsu bai kai na masu yin 2,700 ba, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Darasin shi ne, ko kaɗan aka ƙara a kan tafiyar da aka saba, akwai riba.

Inda agogo ya fi rauni shi ne faɗin yawan ƙarfin da jiki ya ƙona, wanda ake aunawa da kalori. A ɗakin bincike ana gane wannan ne ta hanyar sa wa mutum abin rufe hanci da baki, a auna oksijin da ya shaƙa da iskar da ya fitar. Agogo ba shi da hanyar yin haka. Sai dai ya haɗa shekarun mutum da nauyinsa da tsawonsa da bugun zuciyarsa da motsinsa, ya yi ƙiyasi. A binciken nan na Stanford, na'urar da ta fi kowace ƙoƙari ta yi kuskuren kashi 27 cikin 100, wadda ta fi lalacewa kuwa kashi 93. Idan da a ce mutum ya ƙona kalori 400, kuskuren kashi 27 ya haura kalori 100. Wanda ke son rage ƙiba, ya ce zai ci abinci gwargwadon abin da agogo ya ce ya ƙona, ya gina lissafinsa a kan yashi.

Awon barci ma ƙiyasi ne. A asibiti ana gane matakan barci ta hanyar manna wayoyi a fatar kai don ganin lantarkin ƙwaƙwalwa, tare da lura da motsin ido da na tsoka. Agogo kuwa rashin motsi da saukar bugun zuciya kawai yake gani. Yakan yi ƙoƙari wajen faɗin jimlar sa'o'in barci, amma wanda ya kwanta shiru idonsa biyu yana tunanin jarrabawa, agogo yana iya rubuta masa barci. Rarrabe barci mai nauyi da marar nauyi kuwa, nan ne ya fi yin tuntuɓe.

Zanen lantarkin zuciya

Kowane bugun zuciya yana farawa ne da ɗan ƙaramin lantarki. Willem Einthoven na ƙasar Holan ne ya ƙera na'urar da ta fara zana wannan lantarki da kyau a farkon ƙarni na 20, aka kuma ba shi kyautar Nobel a shekarar 1924. A asibiti ana manna wayoyi 10 a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, a samu zane ta fuskoki 12. A shekarar 2018 kamfanin Apple ya sa irin wannan awo a agogonsa, da izinin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka. Mutum yakan ɗora yatsan ɗaya hannun a gefen agogo na daƙiƙa 30, a samu zane ta fuska guda.

Fuska guda ta isa a gane wata cuta da ke sa ɗakunan saman zuciya su riƙa karkarwa maimakon bugawa a tsare. Wannan cuta tana iya sa jini ya daskare a cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba. Amma fuska guda ba ta isa a gane toshewar jijiyar zuciya ba, kamfanin da kansa ya faɗi haka. Wanda ya ji ciwo mai matsewa a ƙirji, da gumi, da sarƙewar numfashi, kada kyakkyawan zanen agogo ya kwantar masa da hankali.

A shekarar 2019 aka buga sakamakon wani babban bincike da Stanford da Apple suka yi da mutane 419,297, inda agogo ke lura da rashin tsarin bugu ta hanyar koren hasken nan. Mutane 2,161 ne suka samu gargaɗi, wato kusan rabin kashi 1 cikin 100. An aika wa wasu daga cikinsu da na'urar asibiti ta mannawa a ƙirji, 450 suka yi amfani da ita suka mayar, aka kuma tabbatar da cutar a kashi 34 cikin 100 nasu. Ba za a ce sauran duk ƙarya agogo ya yi musu ba, domin cutar takan zo ta tafi, na'urar kuma ta isa gare su ne bayan kwanaki. Ga waɗanda gargaɗi ya sake zo musu suna sanye da na'urar, kashi 84 cikin 100 an ga cutar a daidai lokacin.

A nan akwai wani lissafi da ya dace malamai su yi da ɗalibansu. Mu ƙaddara wani agogo yana kama 9 cikin kowane masu cuta 10, yana kuma tsorata mutum 1 cikin kowane masu lafiya 100 a banza. A ba matasa 10,000, mu ce 10 ne kawai a cikinsu ke da cutar. Zai kama 9, ya kuma tsorata kimanin 100 masu lafiya. Cikin gargaɗi 109, tara ne kawai na gaskiya. Yanzu a ba tsofaffi 10,000, mu ce 500 suna da ita. Zai kama 450, ya tsorata 95 a banza. Cikin gargaɗi 545, fiye da kashi 80 cikin 100 na gaskiya ne. Agogo ɗaya ne, amma nauyin maganarsa ya danganta da hannun da yake ɗaure. Kamfanin Apple ma ya bayyana cewa ba a yi wannan gargaɗi don 'yan ƙasa da shekara 22 ba.

Hawan jini da ciwon sukari

Waɗannan cututtuka biyu sun yawaita a cikin al'ummarmu, kuma a kansu ne agoguna masu araha suka fi cika baki. Game da hawan jini, agogunan Samsung masu wannan awo sai an saita su da ma'aunin damtse na asibiti, a kuma sake saitawa duk bayan mako 4. A shekarar 2025 Apple ya samu izinin sa wani gargaɗi da ke duba bayanan kwana 30 ya ce akwai alamar hawan jini, amma ba ya ba da adadi, sai dai ya tura mutum ga ma'aunin damtse. Idan manyan kamfanoni masu ɗakunan bincike nan suka tsaya, to agogon da ke nuna adadin hawan jini nan take ba tare da an taɓa saita shi ba, abin tuhuma ne.

Game da sukari kuwa, a watan Fabrairu na shekarar 2024 hukumar nan ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa kada a yi amfani da agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, ta kuma ce ba ta amince da ko guda ba. Haɗarin a fili yake. Mai ciwon sukari da ya dogara da adadin ƙarya yana iya ƙara allurar insulin ko ƙwayar magani, sukarinsa ya faɗi warwas, ya suma, ko ma ya rasa ransa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa har rai tana iya ci.

Gwaji a cikin aji

Ba sai da ɗakin bincike ake gwada agogo ba. Ɗalibi ya zauna na minti 5, abokinsa ya ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ya ninka biyu, a kwatanta da abin da agogo ya nuna. A maimaita bayan ɗalibin ya zagaya filin wasa da gudu. Sa'an nan ya yi taku 200 yana ƙirgawa da baki, sau ɗaya hannu sake, sau ɗaya yana tura baro. Kowane gwaji a yi shi sau 5, a rubuta, a fitar da matsakaici. Nisan matsakaicin daga ƙirgar baki shi ne ma'aunin daidaito, bambancin da ke tsakanin amsoshi biyar ɗin kuwa shi ne ma'aunin tsayuwa a kan magana ɗaya. A ƙarshe a cire agogon a ɗaura shi a ƙafar kujera. Idan ya ci gaba da ba da adadin hawan jini ko na sukari, to ajin ya gano wa kansa darajar wannan adadi.

Wanda ya riga ya mallaki agogo, ya ɗaura shi sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, ya kama fata ba tare da matsewa ba, ya riƙa goge bayansa daga gumi da ƙura, ya kuma zauna shiru idan zai yi awo. Ya fi mai da hankali ga yadda adadin ke sauyawa cikin makonni a kan adadin rana guda. Bugun zuciya lokacin hutawa yana iya gaskata shi, taku ya ɗauke shi a matsayin kusan-kusan, kalori da matakan barci kuwa ƙiyasi ne. Idan agogo ya yi gargaɗi, ya kai wa likita ya tabbatar. Idan kuma jiki ya yi gargaɗi agogo ya yi shiru, to jiki magayi, maganarsa ita ce abar bi.